Ƙa'ida da Farko ko Wasa da Farko: Zaɓin Hanyar Koyar da "Can" da 'Yan Uwanta Tare da Sunayen Dabbobi

Littattafan koyon Turanci da yawa na masu farawa sukan haɗa kalmar "can" da sunayen dabbobi a babi ɗaya, kuma haɗin ya yi. Kowace dabba tana da abin da take iyawa da wanda ba ta iyawa, yaro kuma ya riga ya san mafi yawansu tun kafin ya shigo aji: kifi na iyo, biri na hawa bishiya, maciji ba shi da ƙafar takawa. Malami ba sai ya sha wahalar bayyana ma'ana ba. Inda ake samun saɓani shi ne mafari. Kana da minti 40, da allo, da hotunan dabbobi. Za ka fara rubuta ƙa'ida ne ka bayyana ta, a yi atisaye, sannan a rufe da wasa idan lokaci ya rage? Ko kuwa za ka tsunduma ɗalibai cikin wasan tun daga minti na farko, su ji jimlolin, su faɗe su, daga baya ku tono ƙa'idar tare? Kowace hanya tana da magoya baya, kowace kuma ta fitar da ɗalibai masu iyawa. Sai dai ba a irin aji ɗaya suke aiki ba, ba kuma da kalma ɗaya ba.

Kalmomin da malaman Turanci ke kira "modal verbs" guda 9 ne na asali: can, could, may, might, must, shall, should, will, would. Halinsu ɗaya ne. Ba sa ɗaukar "s" ko da ana maganar mutum ɗaya ko dabba ɗaya. Aikatau da ke biye da su yakan zo tsurarsa, babu "to" a gabansa, babu ƙari a bayansa. A tambaya su ne ke komawa gaban jimla, ba a neman taimakon "do" ko "does", a korewa kuma "not" ake manna musu kai tsaye. Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta, ba ta cika rabin allo ba. To me ya sa ɗalibai ke cewa "It can flies" ko "Does it can swim?" Saboda makonni kaɗan da suka wuce an dage musu cewa "a bird flies" dole sai da "s", tambaya kuma dole sai da "does". Yaron da ya yi wannan kuskure ba sakaci ya yi ba, biyayya ya yi wa darasin baya. Duk hanyar da za a zaɓa, wannan ne ma'aunin da ya kamata a gwada ta da shi: shin tana raba yaro da wannan ruɗani, ko tana barinsa da shi?

Hanyar ƙa'ida da farko

Wannan ita ce wadda yawancinmu muka taso da ita, kuma ta samu gindin zama a kwasa-kwasan horar da malamai tun shekarun 1970 da sunan PPP, wato gabatarwa, atisaye, sannan amfani. Malami ya manna hoton tsuntsu ya rubuta "A bird can fly", ya manna na kifi ya rubuta "A fish can't fly", ya ja layi a ƙarƙashin "can" da aikatau, ya nuna cewa babu "s" babu "to". Ɗalibai su maimaita gaba ɗaya, sannan layi-layi, sannan ɗaya-ɗaya. Su cike gurbi a littafi. A ƙarshe kowa ya ƙirƙiro jimlolinsa.

Ƙarfinta a bayyane yake. Tana kama kuskuren "can flies" tun bai fito ba, domin an nuna shi ƙiri-ƙiri. Ba ta buƙatar kayan aiki fiye da allo da alli. A ajin da ya kai mutum 60 ko 70, inda ko wucewa tsakanin benci wahala ne, malami na iya riƙe kowa da ido. Sabon malami da bai saba da hayaniya ba yana samun natsuwa da ita, domin ya san abin da zai biyo bayan kowane mataki. Bincike ma bai juya mata baya ba. A shekarar 2000 John Norris da Lourdes Ortega sun tattara nazarce-nazarce 49 kan koyar da nahawun harshe na biyu, suka gano cewa koyarwar da ke fito da ƙa'ida fili ta fi wadda ke barin ɗalibi ya tsinta da kansa ba tare da an ja hankalinsa ba. Amma su da kansu sun yi gargaɗi cewa yawancin gwaje-gwajen da aka auna ɗalibai da su irin na cike gurbi ne da zaɓen amsa, waɗanda dama suka fi dacewa da wanda ya haddace ƙa'ida. Abin da yaro zai faɗa idan an tare shi da tambaya ba shiri, wannan wani abu ne dabam.

A nan raunin hanyar yake, kuma rauni ne da ke damuna ƙwarai. Mataki na uku, na amfani, shi ne ake yankewa duk lokacin da ƙararrawa ta kusa. Bayani ya ci minti 15, kwafa daga allo ta ci 10, cike gurbi ya cinye sauran. Yaro ya fita da shafi mai tsabta cike da jimloli daidai, alhali bai buɗe baki ya faɗi ko guda ɗaya da yake nufi ba. Ga kuma matsalar jimlolin kansu. "A bird can fly" gaskiya ce, amma babu wanda ya taɓa shakkarta, saboda haka babu dalilin da zai sa wani ya saurara. Dabbobin sun zama ado kawai a gefen allo.

Hanyar wasa da farko

A wannan hanya malami na shigowa da kati a ɓoye a bayansa, ya ce: "It can swim. It can't fly. It can walk. What is it?" Yana faɗa yana kwaikwayo da hannu, yana girgiza kai a wurin "can't". Hannuwa su tashi. Wani ya ce kifi, malami ya maimaita "It can walk", a yi dariya, a sake gwadawa. Kafin a gano cewa kada ne, ajin ya ji "can" da "can't" sau da yawa, kowane ji kuma da dalili, domin ba za ka ci wasan ba sai ka bambance su. Bayan zagaye biyu ko uku sai a juya: ɗalibi ya riƙe katin, sauran su yi ta tambaya, "Can it jump?" "Can it climb?" shi kuma ya amsa "Yes, it can" ko "No, it can't."

Tushen wannan tunani ya daɗe. James Asher, malamin ilimin halayyar ɗan Adam a jami'ar San Jose ta Amurka, ya fito da hanyar koyo ta motsa jiki a shekarun 1960, inda ɗalibi ke amsa umarni da jikinsa kafin a nemi ya yi magana. N. S. Prabhu kuma ya jagoranci wani gwaji a makarantun Bangalore na Indiya daga 1979, inda aka riƙa ba yara aikin da za su warware da Turanci maimakon a koya musu nahawu ɗaya bayan ɗaya. Wasan kacici-kacici na dabbobi ya ɗebo daga duka biyun.

Abin da ya fi burge ni a wannan hanya shi ne tana sa tambaya ta zama ta gaske. Mai tambaya bai san amsa ba, mai amsa ya sani, kuma dalilin magana ke nan a ko'ina. Sigar tambaya, wadda a hanyar farko takan zo a ƙarshe a gurguje, a nan ita ce ginshiƙi. Furuci ma yana samun rabonsa, kuma yana da muhimmanci: a magana ta yau da kullum "can" takan yi rauni ta gajarce, nauyin ya faɗa kan aikatau, ita kuwa "can't" ana danna ta, "t" ɗinta ma sau da yawa ba ya fitowa sosai. Yaron da bai taɓa jin wannan bambanci a kunne ba, sai dai a rubuce, zai sha wuya ranar da aka kunna masa murya.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Wasa na iya ɗaukar zafi, kowa na murna, alhali rabin ajin na cewa "It can to jump" babu mai gyarawa. Merrill Swain ta lura da irin wannan a Kanada, ta kuma rubuta a kai a 1985: yara masu jin Turanci da suka shafe shekaru ana koyar da su darussa da Faransanci sun ƙware a fahimta, amma nahawunsu a magana da rubutu ya ci gaba da tangarɗa. Jin harshe da yawa bai wadatar ba idan ba a tura ɗalibi ya daidaita abin da yake faɗa ba. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuskuren da aka maimaita cikin annashuwa ya fi wuyar cirewa. Sannan akwai yara masu kunya, waɗanda a wasan aji gaba ɗaya sukan lafe a baya, masu baki biyar ko shida su cinye filin. Malamin da bai raba ajin rukuni-rukuni ba zai fita yana ganin darasi ya yi armashi, alhali kaɗan ne suka yi magana.

Zaɓin dabbobin

Wannan ɓangare ne ake yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a ganina ya fi zaɓin hanya tasiri. Akwai jarabar a jero dabbobi 20 a allo don a nuna an yi aiki. Thomas Tinkham ya gudanar da gwaje-gwaje a 1993 da 1997 da suka nuna cewa kalmomin da ke gida ɗaya, kamar jerin 'ya'yan itatuwa ko na tufafi, sun fi wuyar shiga kai idan an koyar da su tare, domin sukan cakuɗe. Waɗanda kuma labari ɗaya ya haɗa su, kamar kwaɗo da tafki da tsalle da kore, sun fi sauƙi. Rob Waring ya maimaita gwajin farkon a Japan a 1997 ya samu sakamako makamancinsa. Daga baya, a 2015, Tomoko Ishii ta nuna cewa kamannin siffa na da hannu babba a ruɗanin. Ga malamin dabbobi darasin a fili yake: kada ka kawo "leopard" da "cheetah" da "tiger" rana ɗaya, ko "goat" da "sheep", ko "frog" da "toad". Kawo waɗanda suka yi hannun riga a kama da hali, 6 zuwa 8 sun isa, kowace kuma ta zo da aikatau nata: kwaɗo da "jump", biri da "climb", aku da "talk", maciji da "bite".

Sannan a saka dabbobin da ke karya zato, domin su ne ke hura wa darasin rai. Jimina tsuntsuwa ce amma ba ta tashi, gudunta kuwa na kai wa kilomita 70 a awa. Jemage ba tsuntsu ba ne, yana shayarwa, amma yana tashi. Giwa na iyo, ba ta tsalle. Mujiya na juya kanta har digiri 270. Maciji ba ya ƙyafta ido domin ba shi da fatar ido mai motsi. Kada ba ya iya zaro harshensa waje. Rubuta "Elephants can swim" a allo, ka ce masu yarda su tsaya dama, masu musu su tsaya hagu, za ka ga gardama ta ɓarke, gardamar kuma tana buƙatar "can" da "can't". Malamin ƙa'ida da farko ma na iya aron wannan: ya musanya misalansa na kullum da waɗannan, nan take atisayensa zai daina zama maimaici.

Wani ɗan hannunka mai sanda: wasu sunayen na da jam'i marar bin ƙa'ida, kamar "mouse" da "mice", "goose" da "geese", ko "sheep" da "fish" da ba sa canzawa. Idan ba jam'i ne darasin ranar ba, a tsaya a tilo, ko a ajiye su sai wani lokaci.

Wace kalma, wace hanya

Yawancin masu gardama kan hanyoyin nan biyu suna magana kamar "modal verbs" abu ɗaya ne. Siffarsu ce ɗaya, ma'anarsu kuwa ta sha bamban, kuma a nan zaɓin ke yankewa.

"Can" ta iyawa ta wasa ce, babu tantama. Ma'anarta ana ganinta da ido, ana kwaikwayonta da jiki, don haka ɓata minti 15 wajen bayaninta asarar lokaci ce.

"Might" da "must" da "can't" na hasashe su ma wasa ya fi karɓar su, ga ɗaliban da suka ɗan yi nisa. Rufe hoto da takarda, ka riƙa janye ta kaɗan-kaɗan. Ƙafa huɗu suka bayyana: "It might be a horse." Dogon wuya ya leƙo: "It can't be a horse." Zane-zanen jiki suka fito: "It must be a giraffe." Matakan tabbas guda uku ke nan sun jeru a gaban ido, yaro ya ji a jikinsa yadda shakka ke raguwa. Ban san wani bayani a allo da zai kai wannan ba. Abin da kawai malami zai tsaya ya faɗa fili shi ne cewa kishiyar "must be" a nan "can't be" ce, domin hankalin ɗalibi zai kai shi ga "mustn't be".

Da aka zo kan "must" ta wajabci kuwa, sai lissafi ya canza. Jigo mai kyau shi ne kula da dabba ko dokokin gidan namun daji: "You must give a dog water", "You mustn't feed the lions", "You should wash your hands." Tarkon yana wurin korewa. "Must" da "have to" sun yi kusa a ma'ana, amma "mustn't" hani ne, "don't have to" kuma na nufin ba dole ba ne. "You mustn't touch the snake" da "You don't have to touch the snake" jimloli ne da ke kai mutum wurare biyu mabambanta, ɗaya ta hana ka, ɗayar ta bar maka zaɓi. Ɗalibi ba zai tsinci wannan daga wasa ba, ko ya tsinta zai tsinta a karkace. A nan ƙa'ida ce da farko: a rubuta su gefe da gefe, a bayyana, har da harshen gida na ɗalibai idan ya kama, a tabbatar kowa ya gane, sannan a ba kowane rukuni dabba ya rubuta mata allon dokoki.

"May" ta neman izini, "would" ta tayi, da "shall" ta shawara, ba su da wata alaƙa da dabbobi sai an tilasta. A bar su ga darasin gaisuwa da roƙo.

Shekaru da girman aji su ne sauran abin dubawa. Yara 'yan shekara 6 zuwa 10 ba sa cin moriyar kalmomi irin su "aikatau" da "korewa". Su ji, su motsa, su faɗa. Matasa da manya kuwa sukan so a nuna musu ƙa'ida, wasunsu ma ba sa sakin jiki da wasa sai sun ga inda aka dosa, kuma wannan haƙƙinsu ne. Wanda jarrabawar rubutu ke gabansa yana buƙatar atisayen rubutu, ko da wace hanya aka fara. Babban aji bai hana wasa ba, sai dai ya canza siffarsa: bibbiyu a kan benci, kowa ya rubuta sunan dabba a tafin hannu ko a guntun takarda, abokin zamansa ya yi tambaya. Ta haka mutum 35 ke magana a lokaci ɗaya a ajin mutum 70, maimakon ɗaya.

Idan aka ce in zaɓa wa malamin da zai koyar da "can" da dabbobi gobe, wasa zan ce ya fara da shi, amma da sharaɗi ɗaya da ba na sassautawa: a tsakiyar darasi a tsayar da komai a fito da ƙa'ida fili. Minti 7 na farko na dabbobin ne da aikatau nasu, da hoto da kwaikwayo. Minti 8 na kacici-kacicin malami. Daga nan a tsaya minti 5, malami ya rubuta jimloli uku daga cikin waɗanda aka riga aka ji, ɗaya ta tabbatarwa, ɗaya ta korewa, ɗaya ta tambaya, ya rubuta "A frog jumps" a gefe, ya tambayi ajin: ina "s" ta tafi? Su ne za su amsa, amsar da suka nemo da kansu kuma ta fi zama. Sai minti 12 na wasa bibbiyu, malami na zagayawa yana saurare, yana rubuta kura-kuran da ya ji ba tare da ya katse kowa ba. Minti 8 na ƙarshe a gyara biyu ko uku daga cikinsu a allo ba tare da ambaton mai su ba, sannan kowa ya rubuta kacici-kacicinsa na jimla uku.

Waɗannan takardu kada a bar su su tafi gida su ɓace. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. Malami ya tattara su, ya riƙa zaro biyu a farkon kowane darasi na makon, mai ita ya karanta, aji ya canka. Minti 3 ne kawai, kuma a nan ne za a ji ko "can flies" ta mutu ko tana nan. Idan ta sake fitowa daga bakin yara da yawa, ajin na buƙatar a koma allo a yi masa atisayen hanyar farko kafin a taɓa "must".